Falle Ashirin da Uku na Baffa Dalhatu

Jega, 6 ga Yuli, 2023

Zuwa ga ɗiyata Raihanatu Ya'ƙub, Aliero.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na shago. Ya ruwa? Mu nan ya yi gyara har ya zarce. In kin je Jiga Makera ki gaishe mini da babanki, ki ce masa ɗan'uwansa na Jega yana nan da rai, tun da shi ya manta hanya.

Kada ki yi dariyar girman rubutuna. Yanar idon nan ta ci gaba, layi ɗaya biyu nake ganinsa. Likita ya sa mini ranar aiki a Birnin Kebbi cikin watan Satumba. Sannan shekaranjiya rufin ɗakina ya rufta ta kusurwar gabas, Allah ya taimaka ina masallaci. Altine ta zo ta ce ba zan ƙara kwana uku a gidan ba, gobe za ta wuce da ni gidanta a Maiyama. Ni na haife ta, amma tun da ta zama malamar asibiti umarni take ba ni.

Ga dalilin takardar nan. Ɗantsoho direba zai miƙa miki akwatin ƙarfe kore. A cikinsa akwai kan sarki falle ashirin da uku, cikakku, ba a taɓa ɓalle ko guda ɗaya daga jikinsu ba. Wasu na saya lokacin ina aiki a gidan waya, wasu maigidana na farko ya bar mini. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina tattalinsu. Gidan Altine yara shida ne, kowannensu da hannu biyu. Na duba dangi kaf, na kusa da na nesa, ban ga wanda ya san mutuncin takarda irinki ba. Kakana da kakan babanki ciki ɗaya suka fito, amma ba wannan ya sa na zaɓe ki ba. Tun kina aji huɗu kike rubuto mini wasiƙa, ba ki taɓa aiko mini da takarda mai lanƙwasasshen kunne ba.

Ki kiyaye mini su daga ruwa da laima, shi ke nan roƙona. Amsa kuma a takarda nake so. Wanda ya shekara talatin da biyar yana buga hatimi ba zai koma yin zancen amana a wayar hannu ba.

Baffanki,
Dalhatu

Aliero, 10 ga Yuli

Baffana,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya lau, Baba ma lafiya, ya ce a gaya maka hanyar Jega da ta Jiga Makera tsawonsu ɗaya. Allah ya tsare gaba, ya sa a yi aikin ido a sa'a. Sannu Yaya Altine, na san ke ce mai karanta masa wannan, ki yi haƙuri da surutuna.

Akwati ya iso. Sai da na wanke hannu da sabulu sau biyu kafin na buɗe shi. Baffa, ashe abin da kake ɓoye mana ke nan shekara da shekaru! Na zauna a tabarma ina kallon fallen nan mai gauraki, jeri bisa jeri, har na makara zuwa shago. Na ga mai raƙuman dawa, na ga na shekarar da aka koma naira da kwabo. Manyan guda tara kuwa ko a kan teburina ba su zauna ba, sai da gefensu ya leƙo. Ni da na san kan sarki ɗan mitsitsi a kusurwar ambulan, ban san haka ake haihuwarsu ba.

Abu ɗaya ya tayar mini da hankali. Gindin akwatin ya fara tsatsa ta kusurwa ɗaya, kwalin da ke ƙasa kuma yana warin danshi. Bangon ɗakina shi ma gumi yake yi tun da damina ta kankama. Amma kada ka sa wannan a ranka. Takarda sana'ata ce. Makon nan ɗalibai sun cika mana shago, kowa da takardar shaidarsa yana so in yi mata lamineshin, na'ura ta manne ta cikin leda, ta zama ko a gulbi ta faɗa ba abin da zai same ta. Duk takardar da mutum yake ji da ita a garin nan, hannuna take biyowa. To ina ga taka?

Na san gatan da zan yi wa amanarka, amma ba zan faɗa ba. Sai ka gani da sabon idonka, ka sa mini albarka.

Ɗiyarka,
Raihanatu

Maiyama, 12 ga Yuli

Raihanatu,

Bayan sallama da fatan alheri. Mun iso lafiya. Altine ce ke rubutu, ni ke faɗa, in kin ga kuskure nata ne. Ta hana ni goro, ta hana ni gishiri, saura numfashi.

Na ji daɗin takardarki ƙwarai. Sau biyu na sa aka maimaita mini wurin gauraki. Matata marigayiya Hindu, shekara talatin muna tare, ba ta taɓa ce mini suna da kyau ba, sai dai ta ce akwatin ya tare mata wurin ajiye kwano.

Na yi gaggawa a takardar farko, ban gaya miki yadda ake riƙonsu ba. To ki saurara. A kwance ake ajiye su, kowane falle tsakanin farar takarda biyu, ba a naɗewa, ba a ninkewa, ba a ɗora musu nauyi. Ba a kama su da yatsa, akwai hantsaki a aljihun murfin akwatin. Darajar falle ita ce cikarsa: haƙoran da ke tsakanin kan sarki da ɗan'uwansa su zama ba a raba su ba, farin gefen nan mai lambobi kuma yana nan yadda ya fito daga maɗaba'a. Sannan gam ɗin da ke bayansu, wanda ba a taɓa lasa ba, shi ne ransu. Zafi ne babban makashinsa. Kada ki shanya su a rana, kada dutsen guga ko wani abu mai zafi ya kusance su, kada a manna musu komai. In kwalin ƙasa ya yi danshi, ki canza kwalin kawai, ki ɗora akwatin a kan kujera nesa da bango.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. In an gyara gida, ido ya buɗe, so nake in sa kafinta ya yi mini allunan gilashi, yadda gilashin ba zai taɓa takardar ba, in jera su a zaurena ta bangon da rana ba ta bugu. 'Yan makarantar unguwarmu ba su taɓa ganin kan sarki ba. So nake su shigo su gani kafin in mutu. Na ɓoye su ya isa.

Abu na ƙarshe. Akwai wani Alhaji Sadiq na Sakkwato, dillalin tsofaffin kaya, shekara shida yana bina in sayar masa. Ya je Jega bai same ni ba, maƙwabta kuma bakinsu ba ya rufuwa. In ya zo wurinki, ki ba shi ruwa ya sha, kada ki buɗe masa akwati.

Baffanki,
Dalhatu

Aliero, 3 ga Agusta

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida Yaya Altine da yara. Ni lafiyata ƙalau.

Takardarka ta sha biyu ga Yuli sai ranar ashirin da shida ta zo hannuna. Motar Ɗantsoho ce ta lalace, ta yi mako biyu a garejin Jega, takardar tana cikin aljihun motar. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na ce wa mai shago ba ni da lafiya na tafi gida. Da ta zo a kan lokaci, Baffa. Da ma ta zo a kan lokaci.

Yaya Altine, na ga kiranki har sau biyar, ki yafe mini, ban iya ɗauka ba.

Baffa, akwai maganar da ba zan iya sa ta a bakin wani ya karanta maka ba. Ka ba ni lokaci. Maganar allunan gilashi kuma, ina roƙonka kada ka sa kafinta ya fara tukuna.

Raihanatu

Maiyama, 20 ga Agusta

Raihanatu,

Sallama. Muna lafiya.

Kwana goma sha bakwai ina juya 'yar takardarki a raina. Na ce wa Altine ƙila ruwa ne ya taɓa falle ɗaya ko biyu kike jin kunya, in haka ne ai ba komai, damina ta fi ƙarfin kowa. Sai jiya Ɗantsoho ya zo gaishe ni, yake ce mini ya ga motar Alhaji Sadiq a ƙofar shagonku ranar ashirin da takwas ga Yuli. Ya ce da idonsa ya gan ki kin zo da akwati kore, ke da Alhajin kun shiga shagon tare.

Kwana biyu ke nan bayan kin karanta takardar da na ce kada ki buɗe masa. Yanzu na gane abin da ya sa kada kafinta ya fara.

Ban san abin da ya matsa miki ba. Da kin gaya mini, da ni da kaina na san yadda zan yi da ke. Amma ki bari makaho yana zaune yana lissafa bangon da zai rataya abin da ya riga ya bar garin? Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda Altine za ta yarda ta rubuta.

Na aika wa babanki. Ba don in tozarta ki ba, don shi ya haife ki, ya kamata ya sani. Altine ta ce in jira in ji daga bakinki, na ce mata na jira kwana goma sha bakwai.

Ranar sha biyu ga Satumba za a yi aikin. Ba na neman ki zo.

Dalhatu

Aliero, 4 ga Satumba

(A bayan ambulan: Yaya Altine, don girman Allah kada ki buɗe wannan. Ki ajiye masa sai ranar da zai iya karantawa da kansa.)

Baffa,

Assalamu alaikum. In kana karanta wannan, to Allah ya karɓi addu'ata, ido ya buɗe. Alhamdu lillahi. Ka yafe mini da na tarbi sabon idonka da irin wannan takarda.

Ban sayar ba. Duk ashirin da ukun suna nan a ɗakina. Amma kada ka yi murna, ka ƙarasa karantawa.

Ranar sha huɗu ga Yuli, bayan an tashi daga aiki da la'asar, na ɗauko su na kai shago na yi musu lamineshin. Dukkansu. Na zaɓi leda mai kauri, wadda muke sa wa takardar digiri, na ƙara wa na'urar zafi don ta kama da kyau. Manyan guda taran nan bakin na'urar bai ɗauke su ba, sai na bi layin haƙoran tsakiya na raba kowanne gida biyu, a hankali, ina yaba wa kaina da ban yaga ko ɗaya ba. Farin gefen mai lambobi na ga ya hana ledar rufuwa, na sa almakashi na rage shi. Da na gama na jera su a kan tebur suna ƙyalli, na ɗebo ruwa a kofi na zuba wa mai gaurakin, ruwan ya gangare. Baffa, har tafi na yi. Na koma gida ina tsara yadda fuskarka za ta yi.

Kwana goma sha biyu ina cikin wannan farin ciki kafin takardarka ta zo. Duk abin da ka ce kada a yi, layi bayan layi, na riga na yi shi da hannuna.

Da Alhaji Sadiq ya zo, na san ka hana. Na buɗe masa ne don ban san wani wanda zan tambaya ko ana iya cire ledar ba. Ya ɗaga ɗaya ya duba ta wajen haske. Sannan ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ɗiyata, wagga leda ba ta hita. In anka ɓare ta, da hoton za ta taho. Kin kashe su." Ya ajiye, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Duk da haka na gwada a kusurwar falle ɗaya da reza. Gaskiyarsa ne. Yanzu akwai raƙumin dawa guda da ba shi da kai, wannan ma ni ce.

Baba ya zo shago ranar ashirin da uku ga Agusta, gaban mai shago da ɗalibai. Ya ce, "Mi kinka yi muna, Raihanatu? Dattijon da yab ba ki amana, ki saida mai ita awa albasa?" Ban musa ba. Tun ranar bai amsa gaisuwata ba, Inna ce kawai ke leƙo ni. Na yi shiru ne don a ganina abin da na yi ya fi sayarwa muni. Da sayarwa na yi, da yanzu suna nan da ransu a hannun wani, wata rana wani yaro ya gan su yadda kake so.

Na yi tunanin in bar ka a kan zaton da kake yi. Na kuma yi tunani mafi muni, shi ne nake jin kunyarsa fiye da komai: na ce a raina in aikin idon bai yi ba, ba za ka taɓa ganin abin da na yi ba. Sau ɗaya tunanin ya zo mini, na yi istigfari, amma ya zo, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ka ce a kiyaye su daga ruwa. Ni kuma abu ɗaya na iya, sai na ɗauka shi ne maganin kowace takarda. Tambaya ɗaya ta ishe ni, ga lambar Yaya Altine a wayata, amma na fi son in burge ka. Ba takardarka ce ta makara ba, ni ce na yi gaggawa.

Ba na roƙon ka ce ba komai, don da komai. Shekara arba'in ɗinka ne na sa a na'ura cikin awa biyu. Duk hukuncin da ka yanke na karɓa, ko da ka ce kada in ƙara rubuto maka.

Raihanatu

Maiyama, 25 ga Satumba

Ɗiyata Raihanatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kin ga rubutu ya koma ƙanana. An yi aiki lafiya, idon dama ya buɗe tar, na hagu sai baɗi. Na ga jikokina, ashe biyu daga cikinsu kama suke da ni, Allah ya ba su haƙuri.

Ranar da aka ba ni tabarau Altine ta miƙo mini ambulan ɗinki a rufe yadda kika aiko shi. Takardarki ce abu na farko da na karanta da idon nan.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Da na kai wurin almakashi na ajiye takardar, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Hindu. Likita ya ce kada in bari ruwa ya shiga idon, bai ce komai a kan wanda zai fito ba. Kwana uku ban iya ƙarasa karantawa ba. Abin ya tafi, Raihanatu, kuma ba zai dawo ba. Zauren nan da na gina a raina na rushe shi.

A rana ta huɗu na ƙarasa, sannan na sa aka ɗauko mini takardarki ta goma ga Yuli na karanta da kaina. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, kin gaya mini aikin da kike yi wa takardun da ake ji da su, kika ce ina ga tawa. Ni kuwa ina can ina sa a maimaita mini yabon gauraki. Da na saurara, da a ranar na karɓi wayar Altine na kira ki, minti ɗaya ya isa. Girman kai na tsohon ma'aikaci ya sa na ba direba takarda. Shekara arba'in kuma ban koya wa kowa yadda ake riƙonsu ba, ko 'ya'yan cikina, don ba na son kowa ya taɓa. Na miƙa miki su da layi ɗaya na bayani, kamar kowa ya san abin da na hana kowa sani.

Wannan duk kuskure ne, naki da nawa. Amma abin da na yi bayansa ba kuskure ba ne. Na kira ki maciyiya amana a kan maganar direba, na kai ki gaban babanki, Altine tana ce mini in jira. Ke kin ɓata takarda da nufin alheri, ni na ɓata sunanki da fushi.

Shekaranjiya na sa aka kai ni Jiga Makera. Na jira aka idar da la'asar, na tsayar da Ya'ƙub a ƙofar masallaci gaban mutanen da suka ji maganar farko. Na ce, "Ɗiyarka ba ta saida komi ba. Ni niy yi mata ƙazahi, ku shaida." Ya ce, "To mi tay yi?" Na ce, "Wanga tsakanina da ita na." Ina jin zai zo Aliero cikin makon nan, ki yi masa shimfiɗa, kada ki bar shi ya nemi kalmar da zai fara da ita, kin san ba gwaninta ba ne.

Tunanin da kika ce ya zo miki sau ɗaya, na yafe shi tun kafin in kai ƙarshen layin. Ba kowa ne zai rubuta shi ba. Sauran ma na yafe. Ke kuma ki yafe mini nawa, in kin iya, ba sai yau ba.

Ki zo ranar Asabar. Akwatin ki bar shi a Aliero. Ban shirya ganinsu ba, ban san ranar da zan shirya ba, kada kuma ki tambaye ni. Ke nake son gani.

Baffanki,
Dalhatu